Hali, Imani da Sana'ar Kai: Darasi ga Muridin da Ke Shirin Barin Jami'a

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa, abin da ya jawo wannan rubutu wata takarda ce da malaminmu ya raba mana a aji, a darasin ilimin halayyar ɗan Adam, nan Yamai. Jimloli ne bibbiyu, sai ka zaɓi guda. Ɗaya na nufin abin da ya same ka ƙoƙarinka ne ya kawo shi, ɗayar kuma na nufin sa'a ce ko ƙaddara. Wani Ba'amurke mai suna Julian Rotter ne ya fito da irin wannan ma'auni a 1966, kuma masu bincike sun sha nuna cewa waɗanda ke buɗe sana'ar kansu sun fi karkata ga amsar farko. Na riƙe alƙalami na kasa zaɓa. Abokina na gefe ya leƙo ya ce, "Kai ɗan ɗariƙa, me kake jira? Zaɓi ƙaddara mana." Dariya muka yi, amma maganar ta kwana a raina.

Dalili kuwa, yawancinmu da ke karatu yanzu mun san aikin gwamnati ba zai ishi kowa ba. Wani zai koma Maraɗi ya buɗe shago, wani ya hau kabu-kabu a Damagaram, wani ya shiga noman albasa wajen Galmi. Idan gaskiya ne imani da ƙaddara na kashe zuciya, to mu da ke zama da'irar wazifa kullum mun shiga kasuwa da ƙafar hagu ke nan. Ya kamata a duba maganar da idon basira.

Mu fara da hali. Binciken masana ya fi tsayawa a kan abubuwa kaɗan: mai sana'ar kansa yakan zama mai tsari da naci, mai son gwada sabon abu, wanda asara ba ta hana shi barci har ya kasa fitowa gobe. Akwai kuma wanda ya fi ba ni mamaki, wato ba ya cika son faranta wa kowa rai ba. A nan ne abin ya taɓa mu. Mu an raine mu da kunya da kara, kuma ado ne ga Musulmi. Amma shaguna nawa ne suka mutu a unguwanninmu saboda mai shago ya kasa ce wa kawunsa "babu bashi"? Sai dai a lura, yawancin waɗannan ma'aunai a Turai da Amurka aka gina su, inda mutum ke ajiye albashi don ra'ayin kansa ya buɗe sana'a. A Nijar akasarin mutane kansu suke wa aiki, a gona ko a kasuwa, don babu wata ƙofar. Saboda haka a wurinmu hali ba ya zaɓen wanda zai fara, yana nuna wanda zai ɗore ne.

Wannan bambancin hali ba sabon abu ba ne ga wanda ya karanta tarihin sahabbai. Sayyidina Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya ƙara masa yarda, ya isa Madina hannu rabbana. Ɗan'uwan da aka haɗa shi da shi, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya so raba masa dukiyarsa biyu, shi kuwa ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya fara da cuku da man shanu, ya ƙare cikin manyan attajiran sahabbai. Abu Huraira kuwa ya lazimci Suffa, ya jure yunwa don ya haddace hadisi. Abu Zarri, duk da girman zuhudunsa, Manzon Allah (SAW) ya hore shi da kada ya karɓi shugabanci ko riƙon dukiyar maraya, don ya ga rauni a tare da shi ta wannan fuska. Malami ɗaya, imani ɗaya, hali daban-daban, kuma ba a tilasta wa kowa ya zama ɗan'uwansa ba. Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi.

To imani fa, wane aiki yake yi? Bajamushe Max Weber, a littafinsa na 1904 zuwa 1905, ya danganta bunƙasar jari-hujja a Turai da mabiya Calvin cikin Kiristocin Furotesta. Abin lura shi ne, waɗannan mutane sun yi imani mai tsanani cewa an riga an rubuta mai tsira da mai halaka, amma hakan bai zaunar da su ba, sai ma ya sa suka duƙufa ga aiki da tsimi. An yi wa ra'ayin Weber suka da yawa, tun da biranen Italiya 'yan Katolika irin su Venice da Florence sun shahara da fatauci da harkar banki tun kafin a haifi Calvin. Duk da haka misalin ya isa ya rushe zancen abokina: imani da ƙaddara shi kaɗai ba ya haifar da lalaci.

Ku dubi kuma 'yan Quaker na Ingila. An daɗe ana hana su shiga jami'o'in Oxford da Cambridge da riƙe muƙaman gwamnati, sai suka faɗa kasuwanci. Addininsu ya hana su rantsuwa, kuma sun ƙi al'adar tsuga farashi a zo ana tayi, suka tsaya kan magana ɗaya. Mutane suka amince musu, har bankunan Barclays da Lloyds da kamfanin Cadbury suka fito daga gidajensu. Haka mabiya Jain a Indiya: gudun kashe ko da ƙwaro ya nisanta da yawansu daga noma, suka koma fatauci, yau suna da ƙarfi a cinikin lu'ulu'u har birnin Antwerp na Beljiyam.

Kusa da gida, Muridan Senegal, almajiran Shehu Ahmadu Bamba (1853–1927), sun ɗauki aiki da hidima a matsayin ɓangaren tarbiya. Daga gonakin gyaɗa suka shiga kasuwar Sandaga a Dakar, daga nan sai Italiya, Faransa da New York. Baƙon da ya sauka yakan tarar da da'irar 'yan'uwa ta tanadar masa wurin kwana da kayan da zai fara talla da su bashi. Wani masani, Abner Cohen, ya rubuta a 1969 game da Hausawan Sabo a Ibadan, masu cinikin shanu da goro, inda ake sayar da garke bisa lamunin maigida da dillali ba tare da takarda ba. Ya nuna yadda shigar yawancinsu Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 ta ƙara ɗaure wannan amana. Shi dai zahiri ya gani, ya fassara abin da siyasar kare kasuwa. Mu mun san ba don goro mutum ke tashi da asuba ya ja lazimi ba. Amma abin da ya lura da shi gaskiya ne: wanda kuke haɗa gwiwa da shi kullum a wazifa, da wuya ya cinye kuɗinka ya dawo gobe ya zauna gefenka.

Idan aka tattara misalan nan, aƙidodin sun sha bamban, wasu ma ba su haɗa hanya da tamu ba ko kaɗan. Abin da ya haɗa su shi ne amana, tsimi, da jama'ar da ke tallafar mutum in ya faɗi. A cikin kowace jama'a kuma ba kowa ne ya zama ɗan kasuwa ba. Akwai 'yan Quaker malaman makaranta, akwai Muridai da suka rayu suka mutu a gona.

A nan nake jin tsoron abu biyu gare mu. Na farko, mu mayar da 'yan'uwantakar zawiya hanyar cin bashi, har mai shago ya fara fashin wazifa don gudun masu "ɗan ba ni zuwa Juma'a". Na biyu, mu ɗauka yalwar dukiya alamar karɓuwa ce, talauci kuma alamar nisa. Da haka ne, da mutanen Suffa sun zama na baya.

Shehu Ibnu Aɗa'illahi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, ya warware wannan a farkon Hikam. Ya nuna cewa wanda Allah ya tsayar cikin sababi, wato neman abinci da sana'a, in ya ɗora wa kansa barin aiki da sunan ibada, sha'awa ce ɓoyayya ke jan sa. Wanda kuma aka tsayar cikin tajridi, in ya koma neman sababi, himmarsa ce ta faɗi. Masu sharhi sun ce alamar inda aka tsayar da kai ita ce abin ya ɗore maka, addininka kuma ya kuɓuta a cikinsa. Tawakkali aikin zuciya ne, sababi aikin gaɓɓai, kamar yadda aka umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Shi ya sa takardar ajinmu ta gagare ni: ta raba abin da tarbiya ta haɗa.

Da na je hutu gida na gaya wa muƙaddaminmu ina son buɗe shagon gyaran salula idan na ƙare karatu. Bai ce mini in yi ko in bari ba. Tambayata ya yi ko zan iya karɓar kuɗin gyara daga hannun yayana. Na sunkuyar da kai. Ya ce to in je in riƙe wa wani ɗan'uwa littafin shagonsa na tsawon shekara guda, in rinƙa rubuta kowane bashi da sunan mai shi, ko da nawa sunan ne, daga nan mu sake magana. Wata huɗu ke nan ina yi duk Asabar da Lahadi a wani shago kusa da kasuwar Katako, kuma har yanzu hannuna na nauyi in na zo rubuta sunan dattijo. Allah ya tsayar da mu inda ya yarda, ya sa albarka a neman kowa. Amin.