Kafin Ki Haɗa Biyetnam da Afganistan a Takarda Ɗaya

'Yata, na ji an ba ku aikin maƙala a jami'a, a kwatanta yaƙe-yaƙe biyu na zamanin nan, ke kuma kin ɗauki waɗanda Amurka ta yi a Biyetnam da Afganistan. Madalla da zaɓin. Sai dai hanyar tana da santsi, shi ya sa nake so mu ɗan tattauna kafin ki ɗora alƙalami.

Ina jin hotunan nan biyu ne suka ja ki. Jirgi mai saukar ungulu a kan rufin wani bene a Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu a lokacin, cikin Afrilun 1975, mutane sun yi layi suna hawa. Ga wani kuma yana shawagi a saman Kabul cikin Agustan 2021. Kowa ya gan su tare sai ya ce ai abu ɗaya ne ya sake faruwa. To, kama da wane ba ta wane. Af, benen nan na Saigon ma, da yawa suna cewa ofishin jakadancin Amurka ne, alhali gidan zama ne a wani titi dabam. Ƙaramin abu ne, amma malami mai ido da ya ga irinsa a shafin farko, sai ya fara shakkar sauran shafukan.

Kama tana nan, ban hana ki faɗinta ba. A duka biyun Amurka ta tallafi gwamnatin da ba ta iya tsayuwa sai da ita. A duka biyun abokan gaba suna da mafaka a ƙetaren iyaka: can hanyar Ho Chi Minh da ta ratsa Lawos da Kambodiya, nan kuma ƙasar Pakistan. Wannan kowane ɗalibi zai rubuta shi. Ki faɗe shi a sakin layi ɗaya ki wuce.

Inda za ki yi zama shi ne wajen bambanci. A 1969 sojojin Amurka a Biyetnam sun haura 500,000. A Afganistan, ko lokacin da suka fi yawa, wajen 2011, kusan 100,000 ne. Amurkawan da suka mutu a Biyetnam sun haura 58,000, a Afganistan kuwa sojojin da suka mutu ba su kai 2,500 ba. Sannan a zamanin Biyetnam tilas ake ɗaukar samari aikin soja. Takarda ce za ta zo gida, yaro ya tafi. Kin san Muhammad Ali, ɗan damben nan. Ƙin zuwa da ya yi a 1967 ne ya sa aka ƙwace masa kambunsa. Yaƙin da ke shiga gida-gida yana ɗaukar 'ya'ya, dole iyaye su yi magana, dole ɗalibai su cika titi. A 1973 aka daina ɗaukar tilas. Saboda haka waɗanda suka je Afganistan da ƙafarsu suka shiga soja, kuma kaɗan ne cikin jama'a. Shekara ashirin ana yaƙin, yawancin gidajen Amurka ba su da kowa a fagen daga. Ki tsaya a nan ki yi tunani, 'yata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki dalilin da ɗaya ya girgiza Amurka tun daga cikin gida, ɗayan kuma ya daɗe ba a cika ɗaga murya a kansa ba.

Amma kada ki ce sai kin kwashe komai. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Ki nemi tambaya ɗaya ki riƙe ta. Da ni ce, ga wadda zan ɗauka: me ya sa gwamnatin Saigon ta yi shekara biyu bayan fitar sojojin Amurka, ta Kabul kuwa ta faɗi tun ba su gama fita ba? An sa hannu a yarjejeniyar Faris a Janairun 1973, sojojin yaƙi suka fita a Maris, Saigon ba ta faɗi ba sai 30 ga Afrilu, 1975. A Doha kuwa, ranar 29 ga Fabrairu, 2020, Amurka da Taliban ne suka sa hannu, babu gwamnatin Kabul a ciki, kuma har da batun sakin fursunonin Taliban 5,000 da ke hannun ita gwamnatin. Ki duba yadda sojan da ke gadin wani shinge a ƙauye zai ji wannan labari. Jiragen yaƙin Afganistan ma 'yan kwangila na waje ne ke gyara su, da suka tafi sai gyara ya yi wuya. Shugaban Afganistan na lokacin, Ashraf Ghani, ya bar ƙasar ranar 15 ga Agusta, 2021, sojan Amurka na ƙarshe ya tashi ranar 30. Kin ga tambaya ɗaya ta jawo miki siyasa da kuɗi da kayan yaƙi, ba tare da kin warwatsu ba.

Wajen tsari, kada ki zube labarin Biyetnam gaba ɗaya, sannan ki zube na Afganistan, ki bar mai karatu da aikin haɗawa. Ɗauki batu ɗaya, ki duba shi a can, ki duba shi a nan, sannan ki matsa gaba. Kuma da mudun da kika auna wannan, da shi za ki auna wancan. In kin ƙirga sojoji a gefe ɗaya, kada ki haɗa da fararen hula a ɗaya gefen.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Yawancin littattafan da za ki samu Amurkawa ne suka rubuta, kuma kowa nasa yake fara yi wa kuka. In ba ki kula ba, sai ki gama maƙalar ba ki ambaci masu ƙasa ba. A 1995 gwamnatin Biyetnam ta ce fararen hula kusan miliyan 2 ne suka mutu, da mayaƙanta miliyan 1.1. A Afganistan, masu bincike na Jami'ar Brown sun ƙiyasta fararen hula sama da 46,000, sojoji da 'yan sandan ƙasar kuma sama da 60,000. Ƙiyasi ne, ki rubuta shi a matsayin ƙiyasi, ki faɗi wanda ya yi shi. Amma ki rubuta shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki nemi abin da 'yan Biyetnam da 'yan Afganistan suka faɗa da bakinsu, ko da a fassara ne.

Zuciyarki za ta karkata, na sani, musamman da yake Afganistan ƙasar Musulmi ce. Ba laifi ba ne ki ji zafi. Laifin shi ne zafin ya riƙe miki alƙalami. In kin kawo kisan da sojojin Amurka suka yi a ƙauyen My Lai a 1968, ki kawo wanda 'yan gurguzu suka yi a birnin Hue a shekarar. In kin kawo harin jirgin Amurka a asibitin Kunduz a 2015, inda mutum 42 suka rasu, ki kawo bama-baman da Taliban ta tayar a tsakiyar jama'a, da rufe wa 'yan mata makarantun sakandare bayan ta dawo mulki. Wanda ya ɓoye rabin gaskiya don ya kare nasa, ranar da aka gano, har rabin da ya faɗa sai a ƙi yarda da shi.

Akwai takardu biyu da za su taimake ki. A 1971 aka fallasa takardun sirri na ma'aikatar tsaron Amurka a kan Biyetnam, ta hannun Daniel Ellsberg. A 2019 jaridar Washington Post ta buga hirarrakin da aka yi da jami'ai a kan Afganistan. Duka biyun sun nuna manya suna gaya wa jama'a ana samun nasara, a cikin ofis kuma suna faɗin wani abu dabam. In kina neman kama ta gaske, wannan ta fi ta hoto nauyi.

Gabatarwa kuwa ki bar ta sai ƙarshe, lokacin da kika san abin da kika gano. Kada ki jira daren miƙa aiki. In kin gama rubutun farko, ki ajiye shi ya kwana biyu, sannan ki kawo mini mu karanta tare. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki sa'a.