Abin da Shanu Suka Koya Mana a Kan Makantar Kogi

Darasinmu na yau a kan wata tsutsa ce da ke zaune a fatar shanu, da 'yar'uwarta da ke zaune a fatar mutum. Wataƙila ku ce, me ya haɗa ma'aikaciyar jinya da zancen shanu? Abin da ya haɗa mu wata tambaya ce da nake sha duk lokacin rabon Mectizan. Sai dattijo ya dube ni ya ce, "Malama, ƙaiƙayi ya bar ni tun bara waccan. Don me zan sake haɗiyar maganin nan?" Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Likitocin dabbobi sun taimaka ƙwarai wajen tabbatar da amsar, a jikin shanun ƙasarmu, kusa da Ngaundere. Ku karanta a hankali, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba.

1. Cutar da muke magana a kanta

Sunanta makantar kogi. A nan Kamaru mutane da yawa suna ce mata filer, da bakin Faransanci. Tsutsa ce ke kawo ta, kuma wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne ke ɗaukar tsutsar daga wannan mutum zuwa wancan. Ƙudan yana hayayyafa inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu. Da rana yake cizo, yawanci a ƙafa. Saboda haka manomin bakin kogi, da masunci, da mai wanki, da makiyayi mai shayar da dabbobi su ne ya fi samu.

In tsutsar ta shiga jiki, takan yi kamar shekara guda kafin ta girma. Macen siririya ce kamar zare, tsawonta yakan kai kamu ɗaya, wato rabin mita. Takan naɗe kanta a cikin ƙullutu a ƙarƙashin fata, wajen kwatangwalo, ko haƙarƙari, ko gwiwa, ko kai. A nan take zama shekara 10 zuwa 15. Kowace rana tana haifar 'ya'ya wajen dubu, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita.

Ku lura da wannan: uwar ba ta cika damun mutum ba. 'Ya'yan ne ke ɓarna. Suna yawo cikin fata, su kawo ƙaiƙayin da ke hana barci. Fata takan yi kaushi, ta tsufa tun mai ita yana da ƙuruciya, ƙwauri ya yi dabbare-dabbare kamar jikin damisa. In sun shiga ido suka mutu a can, ido yakan lalace a hankali har gani ya tafi. Ganin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Tsofaffin da suka san ƙauyukan kwarin Vina, wajen Tuboro, kafin zuwan magani, sun san yadda yara ke jan iyayensu da sanda.

2. Ƙullutun cikin saniya

In kuna da shanu, ku gwada wannan. Ku shafa ƙasan cikin babbar saniya, wajen cibiya da hantsa. Sau da yawa za ku ji 'yan ƙullutu masu tauri a cikin fata, kamar ƙwayar wake. Mahauta da majema sun san su, don suna ɓata ƙirgi. A cikin kowane ɗaya akwai tsutsa a naɗe.

Masana suna kiran tsutsar shanu Onkosarka ocengi, ta mutum kuma Onkosarka bolbulus. Dangi ne na kusa ƙwarai, kuma ƙuda iri ɗaya ke ɗaukarsu. Amma kowace da gidanta. Ta shanu ba ta iya girma a jikin mutum. Ba a ɗaukarta ta cin nama ko shan nono. Ita saniyar ma ba ta makanta ta, ba ta kuma kwantar da ita. Don haka kada wani ya tsorata da shanunsa.

3. Don me masu bincike suka koma ga shanu

Ba daidai ba ne a gwada sabon magani a jikin mutum tun ba a san haɗarinsa ba. Ba kuma za a riƙa tsaga jikin mutum kowane wata don a duba ko tsutsa ta mutu ba. Saniya guda kuwa tana iya ɗaukar ƙullutu da dama. Likitan dabbobi yakan sa maganin kashe zafi, ya cire ɗaya ko biyu, ya ɗinke wurin, saniya ta koma kiwo. Bayan wasu watanni ya sake cire wani ya duba. Ta haka ake sanin abin da magani ya yi wa tsutsar, mataki mataki.

An yi wannan aiki shekaru da yawa a cibiyar binciken dabbobi ta Wakwa, kusa da Ngaundere, da kuma bakin kogin Vina. Masanan Kamaru sun yi shi tare da abokan aikinsu na jami'ar Tubingen ta Jamus da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila. Ga abubuwa uku da aikin ya nuna.

Na ɗaya: maganin yana kashe 'ya'ya, ba ya kashe uwa. Sunan maganin da ke cikin ƙwayar Mectizan ibamektin. An yi ta ba shanu shi, sau da yawa, har da ƙarfi fiye da yadda aka saba. 'Ya'yan tsutsa suka ɓace daga fata, uwar ta daina haihuwa na wani lokaci, amma da aka buɗe ƙullutu sai aka tarar tana raye. Haka yake a jikin mutum. In kun haɗiyi maganin, 'ya'yan suna mutuwa, ƙaiƙayi ya lafa, ido ya huta. Uwar tana nan a kwance. Bayan wasu watanni sai ta soma haihuwa kuma. Wannan ita ce amsar tambayar dattijon nan. Wanda ya sha shekara 3 ya daina, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Dole a ci gaba kowace shekara, har uwar ta tsufa ta mutu da kanta. Shi ya sa ake maganar shekara 15, ko fiye, har ma'aikatan lafiya su auna su ce cutar ta ƙare a yankinku.

Na biyu: tsutsar tana da wata ƙwaya a cikin jikinta, wadda ba ta iya rayuwa sai da ita. Sunan ƙwayar Wolbakiya. Masu bincike suka ce, to, in an kashe ƙwayar fa? Suka riƙa yi wa shanu allurar oksitetirasiklin, wadda makiyaya suka sani da sunan Terramycin, na tsawon watanni. Ƙwayar ta mutu, daga baya manyan tsutsotsin suka bi ta, ƙullutu suka baje. An bayyana wannan a shekarar 2000. A wannan shekarar kuma wani gwaji da aka yi wa mutane a Gana ya nuna cewa doksisiklin, dangin wancan magani, in an sha kullum har mako 6, yana hana uwar tsutsa haihuwa. Yau likita yana iya rubuta shi ga wasu masu cutar. Amma ba a raba shi gida gida, don shansa yana da tsawo, kuma ba a ba mace mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba.

Na uku: ba duk tsutsar da ke jikin ƙuda ce ta mutum ba. Masu bincike suna kama ƙudaje a bakin kogi, su feɗe su a ƙarƙashin madubi, don su san ko cutar tana raguwa. Sai suka gane cewa inda shanu suke da yawa, tsutsotsi da dama a jikin ƙudan na shanu ne. Akwai ma wata ta uku, wadda gidanta jikin gadu ne, wato aladen daji. Da ba a koyi bambanta su ba, da an yi ta kuskuren lissafi. Sun kuma lura cewa a kan tudun Adamawa, inda garke ya yi yawa, cutar ba ta kai tsananin ta kwari ba. Ɗaya daga dalilan da suka kawo shi ne, ƙudan da ya ƙoshi da jinin saniya bai ciji mutum ba. Wannan sauƙi ne kawai. Makiyayi ma yana kamuwa, kuma shi ma sai ya sha maganinsa.

4. Asali ɗaya, amma kada ku taɓa na dabba

Shi kansa ibamektin a hannun likitocin dabbobi ya fara. An samo asalinsa daga wata ƙwaya a cikin ƙasar da wani masanin Japan, Satoshi Omura, ya ɗebo. Aka soma sayar da shi don dabbobi a 1981. Da aka ga yana kashe 'ya'yan irin wannan tsutsa a jikin doki, sai aka gwada shi ga mutane. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da shi kyauta don makantar kogi, har iyakar lokacin da ake bukata. A 2015 aka ba Omura da abokin aikinsa, Wiliyam Kambel, lambar yabo ta Nobel.

Wasu da suka ji haka sai su ce, ashe ruwan allurar da ke cikin jakar makiyayi ma zai yi. A'a. Na taɓa jinyar wani saurayi da ɗan'uwansa ya yi masa allurar shanu a cinya saboda ƙaiƙayi. Ya zo da kumburi da zazzaɓi, sai da aka tsaga wurin, ya yi makonni bai je gona ba, alhali ƙwayar da ta dace da shi kyauta ce a ƙauyensu. Na dabba an haɗa shi ne don nauyin sa da saniya, da ruwan da ba a yi shi don jikin mutum ba. Na kasuwa kuma wani jabu ne, wani ya sha rana ya lalace. Haka nan kada ku sha Terramycin na dabbobi. Kada kuma ku ɓata kuɗi kuna yi wa shanu allura don ƙullutun nan. In kun ba dabba magani don wata cuta, ku tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a jira kafin a sha nononta ko a yanka ta.

5. Abin da za ku yi

Ku haɗiyi Mectizan duk lokacin da aka zo rabo, ko kuna jin ƙaiƙayi ko ba ku ji. Mutum yana iya ɗauke da 'ya'yan tsutsa bai sani ba, ƙuda ya ɗauka daga jikinsa ya kai wa jikansa.

Ku tsaya a auna ku da sandan awo. Tsawon mutum ke nuna ƙwaya nawa zai sha, daga 1 zuwa 4. Ku haɗiya a gaban mai rabo. Kada ku ajiye, kada ku raba da wani.

Waɗanda ba a ba su ne: yaron da bai kai santimita 90 ba, mace mai ciki, mai jego a makon farko, da wanda ke kwance da ciwo mai tsanani. In uzurin ya wuce, a je ɗakin shan magani a karɓa.

In za ku tafi kiwo ko ci-rani, ku tambayi lokacin rabo tun kafin ku tashi. Wanda rabo ya wuce shi, ya nemi nasa da ya dawo.

Bayan shan magani ƙaiƙayi yana iya ƙaruwa kwana biyu ko uku, da ɗan zazzaɓi, ko kumburi, ko ciwon jiki. Alama ce 'ya'yan tsutsa suna mutuwa, kuma yakan wuce. In ya matsa, ku zo mu ba ku abin da zai sauƙaƙa.

Ga gargaɗi mai muhimmanci. A kurmin kudu akwai wata tsutsa dabam, ana ce mata lowa, wadda akan ga tana ratsa farin ido. Wanda ke da ita da yawa a jini, Mectizan yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. In kun taɓa zama a kurmi, ko kun taɓa ganin tsutsa a idonku, ku faɗa kafin ku sha, a duba jininku. In wani ya sha magani sai ya ruɗe, ko ya kasa tafiya, ko barci mai nauyi ya kama shi, a kawo shi asibiti nan take. Kada a jira gari ya waye.

In kun ji ƙullutu a jikinku, ko ganinku ya soma dushewa, ku zo a duba. Kada a tsaga shi a gida.

6. Ana iya gamawa da ita

A watan Janairu na 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta kawar da makantar kogi. Ita ce ta farko a Afirka. Ba a shekara ɗaya ta kai can ba. An yi shekaru ana feshin koguna, an yi shekaru ana rabon magani, mutane kuma suna karɓa. Sannu ba ta hana zuwa. Ƙuda zai ci gaba da cizo a bakin kogunanmu, amma in bai sami 'ya'yan tsutsa a fatar kowa ba, ba shi da abin da zai kai wa yaranmu. Allah ya ba mu lafiya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa ƙaiƙayi ke lafawa bayan shan magani, amma cutar ba ta ƙare ba?
2. Ana ɗaukar tsutsar fatar shanu ta nama ko nono?
3. Su wa ba a ba Mectizan, kuma me za su yi daga baya?
4. Wane ne a gidanku ko unguwarku rabon bara ya wuce shi? Wa zai tuna masa bana?