Gidan Telebijin na Kano: Tarihinsa da Masu Mallakarsa

Gabatarwa

Manomin Gwarzo ko ɗan kasuwar Kabo da ya zauna gaban akwatin telebijin da daddare ba kasafai yake tambayar wa ke da gidan da ke yi masa magana ba. Wannan maƙala za ta nuna cewa sanin mai gidan shi ne mabuɗin fahimtar labarin da ake bayarwa.

Asali

An buɗe gidan telebijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959. Arewa ta bi sahu a 1962 da gidan Kaduna, wanda Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da kamfanonin Ingila biyu, watau EMI da Granada. A 1977 gwamnatin soja ta yi dokar da ta kafa hukumar NTA, ta tattara dukan gidajen telebijin a hannun Gwamnatin Tarayya.

Kafuwar CTV

Tsarin mulkin 1979 ya mayar wa jihohi ikon mallakar telebijin. A lokacin NPN ke riƙe da Tarayya, PRP kuwa ke mulkin Kano. Ganin NTA na hannun abokan hamayya, sai Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya kafa wa jiha gidanta, CTV 67, kafin ya bar mulki a 1983. Bayan rasuwarsa a 2010 aka sauya wa gidan suna zuwa ARTV domin tunawa da shi.

Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu gidajen. Amma ko a nan sai an duba mai zuba kuɗi. Alal misali, Arewa24 ta fara aiki a 2014 da tallafin Gwamnatin Amurka.

Wannan al'amari bai tsaya ga ƙasarmu ba. A Labanan, rundunar mayaƙan Kirista ce ta kafa gidan LBC a 1985, ana tsakar yaƙin basasa, daga bisani kuma aka shafe shekaru ana shari'a kan wanda ya mallake shi.

Kammalawa

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka wajibi ne ɗalibin Hausa, kafin ya nazarci labarai ko wasan kwaikwayon wani gida, ya fara sanin wanda ya kafa shi da wanda ke biyan ma'aikatansa.