CUKU, RUMBUN MADARA

Manomi yana da rumbu. Ya girbe hatsi da kaka, ya zuba, ya ci har wata damina. Mai dabbobi fa? Da damina madara takan yi yawa a rugagen ƙasar Madarumfa, daga bakin tabki har dajin Baban Rafi. Mata su kai nono kasuwa, ƙore su fi masu saye yawa, kuɗi ya faɗi. Da rani kuwa shanu su ƙafe, yaro ya nemi ko cikin ludayi ya rasa. Madara ba ta kwana ba ta yi tsami ba. Amma in an mai da ita cuku, sai ta yi watanni. Cuku shi ne rumbun madara.

Buzaye da Fulanin arewa, wajen Dakwaro da Abalak da Cintabaradan, sun daɗe da sanin wannan dabara. Matan Tukunus ma, cikin ƙasar Filinge, sun yi suna wajen cuku. Abin da ake yi can ana iya yin shi nan, da madarar saniya ko ta jar akuyar Maradi.

ABIN DA KE DASKARAR DA MADARA

Cikin ɗan akuya mai shan nono, wanda bai fara cin haki ba, akwai wani ƙaramin tumbi, na ƙarshe kafin hanji. Nan ne nonon uwarsa ke daskarewa. In an yanka ɗan akuyan, a cire tumbin nan, a sa mishi gishiri, a rataye shi a inuwa ya bushe. In za a yi aiki gobe, a yanki kaɗan a jiƙa cikin ruwa mai tsabta tun yau. Shi ne ruwan tumbi.

YADDA AKE CUKU

1. A wanke hannu da sabulu. A wanke hantsar dabba da ƙwaryar tatsa.
2. A tace madara da ƙyalle mai tsabta tun tana da ɗumi. Mai sanyi ba ta kamawa da wuri. Zafi kuma yana kashe ƙarfin ruwan tumbi.
3. A zuba ruwan tumbi kaɗan, a motsa, a rufe da faifai, a bar ta ta huta.
4. In ta daskare kamar kindirmo, a ɗiba da ludayi a zuba bisa ƙaramin asabari. A baza ta falle-falle, kada kauri ya kai na yatsa. A danna a hankali ruwa ya tsiyaye.
5. A shanya bisa rumfa inda iska ke bugawa, a rufe da yadin gidan sauro, a riƙa juyawa. In babu hadari, kwana 1 ko 2 ya isa.
6. In ya bushe ƙayau, a ajiye inda babu danshi.

DABARAR TUMFAFIYA

Wadda ba ta da tumbi ta duba bayan gida, tumfafiya na nan kyauta. Da ita Fulanin Benin da Nijeriya ke yin cuku mai taushi, wanda ake kira wagashi ko wara. Macen da ta iya awarar waken suya ba za ta sha wuya ba, don aikin ya yi kama.

A daddaka ganye da karan tumfafiya kaɗan, a jiƙa cikin ludayin madara, a tace cikin tukunyar madara. A dafa da wuta kaɗan-kaɗan har farin gudaji ya rabu da ruwa. A bari ya ɗan tafasa, a kwashe cikin ƙaramin kwando ya tsane. Litar 5 na madarar saniya kan ba da kimanin kilo 1. Wannan ba ya wuce kwana 2 ko 3, sai in an soya shi ko ana sake dafa shi cikin ruwan gishiri. A yi hattara, farin ruwan tumfafiya yana ɓata ido. Kada a bar yara su taɓa.

ABOKAN GABAR CUKU

Na farko ƙuda, shi ne ke kawo zawo. Na biyu kyanwa. Ba a ba kura ajiyar nama, ba a ba kyanwa gadin rumfa. Na uku akuya. Ita ta ba da madara, in ta ga asabari ƙasa sai ta zo biyan bashi, ta cinye cuku ta haɗa da asabarin. Na huɗu maigida. Yakan zo sau uku a wuni don ya ɗanɗana ko ya bushe. Da marece falle 10 sun koma 6, ya ce shirwa ce. Maganinsa a ƙidaya a gabansa, a rubuta. Ga wani amfanin yaƙi da jahilci.

Na biyar gaggawa. Wata takan buɗe ƙwarya kowane lokaci tana motsawa. In madara ta ƙi kamawa ta ce kishiya ta yi mata baki, alhali hannunta ne. Wata kuma ta cika tumfafiya don ta gama da wuri, abin ya yi ɗacin da ko kare sai ya sunsuna ya wuce. Cukun da ya daɗe kuwa yana da tauri. Tsoho mai haƙori ɗaya kada ya yi gardama da shi. A daka mishi a turmi, a dama cikin fura.

BATUN LAFIYA

Nan babu wasa. Da ɗanyar madara ake busasshen cuku, kuma ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka da cutar da ke sa dabba ɓari, su kama mutum. Kada a yi cuku da madarar dabba mai tari, ko wadda ta yi ɓari, ko mai ciwon hantsa, ko wadda ake yi wa allurar magani. A kira likitan dabbobi ya duba ta. Ya fi kyau a gasa cuku bisa garwashi sosai kafin a ci, tun ba in yara da mata masu ciki za a ba.

TAMBAYOYI

1. Don mi ba a zuba ruwan tumbi cikin madara mai zafi?
2. Wane cuku ya fi daɗewa, na tumbi ko na tumfafiya?
3. Litar 5 ta ba da kilo 1. Litar 20 kilo nawa za ta bada?
4. A garinku, wane wata madara ta fi araha? Mata nawa za su iya haɗa tasu su gwada bana?