Wa Ke Biyan Kuɗin Araha? Abin da Na Koya Game da 'Yan Libatariyan

Zangon da ya wuce malaminmu na tattalin arziki ya rarraba mana mazhabobin masana, ya ce kowane rukuni ya karanto ɗaya ya zo ya kare ta a gaban aji. Mu aka ba 'yan libatariyan. Gaskiya na ji haushi, don iyakar abin da na sani a kansu shi ne irin ra'ayinsu ne ke cewa a cire tallafin mai, ni kuwa tun da aka cire shi kuɗin A Daidaita Sahu daga gidanmu zuwa makaranta ya fi ninki biyu. Wato an ce in zama lauyan wanda ya taka ni. Da na zauna na karanta sai na ga akwai abin da ya kamata ɗalibi ya sani kafin ya zage su ko ya bi su, shi ya sa na rubuto wannan, musamman don ƙannenmu da za su haɗu da darasin.

Sunan ya fito ne daga kalmar Latin mai nufin 'yanci. Tushen ra'ayin shi ne mutum ke da iko da kansa da guminsa da dukiyarsa. In mutum biyu suka yi ciniki da yardarsu, babu ruwan na uku. Aikin gwamnati a wurinsu kaɗan ne: ta tsare rai da dukiya, ta kafa kotu, ta tilasta cika alƙawari, sauran ta sakar wa mutane mara. A Amurka ra'ayin ya fi ƙarfi, har jam'iyya gare su tun 1971, kuma a 2023 Ajantina ta zaɓi Javier Milei, wanda ke kiran kansa da wannan suna, ya zama shugaban ƙasa.

A kan haraji bakinsu ya fi kaifi. Robert Nozick, malamin falsafa a Jami'ar Harvard, ya kawo wata hujja a littafinsa na 1974. Mu ɗauki tela mai ɗinkin awa goma a rana, gwamnati ta karɓe kuɗin awa biyu. Nozick ya ce wannan bai da nisa da a ce an tilasta masa yin aikin awa biyu kyauta. Murray Rothbard ma bai tsaya kwana-kwana ba, sata ya kira haraji. Amma ba duka suka kai can ba. Milton Friedman, wanda ya ci kyautar Nobel a 1976, ya yarda a karɓi haraji, sai dai ya zama kaɗan kuma mai sauƙin lissafi. Shi ne ma ya ba da shawarar in ana son taimakon talaka a ba shi tsabar kuɗi a hannu, ya san abin da zai saya, maimakon a riƙa taɓa farashin kaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani abin da ya ba ni mamaki, ƙorafin ba na Turawa kaɗai ba ne. Ibn Khaldun ya rubuta tun ƙarni na 14 cewa daula a farkonta haraji kaɗan take sawa ta tara da yawa, in ta tsufa sai ta tsawwala, 'yan kasuwa su karaya, abin da take samu ya ragu. A nan gida kuma, gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali bayan sun hau mulki a 1979, alhali su 'yan ra'ayin talakawa ne, ba su haɗa hanya da Friedman ba. Ƙin haraji dai ba shi kaɗai ke mai da mutum ɗan libatariyan ba.

Ni a nan na fara rabuwa da su. Telan Nozick a kan titi kwastomominsa ke zuwa, kuma ajin da na tsaya ina kare Nozick ɗin, tambarin TETFund ne a jikin bangonsa, kuɗin kuwa harajin ilimi ne da aka cira daga ribar kamfanoni. Da wuya in kira shi sata ina zaune a inuwarsa.

Inda suka fi ƙarfi a ganina shi ne maganar farashi. Friedrich Hayek ya yi bayani a wata maƙala ta 1945 cewa farashi saƙo ne. A ce damina ta yi gardama, gero ya yi ƙaranci, buhu ya tashi a Dawanau. Ba wanda ya kira taro, amma mai fura ta fara tattali, ɗan kasuwa ya nufi inda geron ke da araha ya ɗauko, manomi ya ƙudurta ƙara gona baɗi. Kowa ya san ɗan abin da ke gabansa, farashi ne ya haɗa sanin wuri guda. Babu ofishin da zai iya tattara wannan. In gwamnati ta danne farashin, geron bai ƙaru ba, saƙon kawai ta kashe.

Amurkawa sun ɗanɗana wannan a kan man fetur. Shugaba Nixon ya ƙayyade farashin kaya a 1971. Da ƙasashen Larabawa suka hana su mai a 1973, farashin bai samu damar tashi yadda ƙarancin ya kai ba, sai layi ya miƙe a gidajen mai, har wasu jihohi suka koma sayarwa da lambar mota: masu lambar mara yau, masu cika gobe. Reagan ne ya ƙarasa cire ƙayyadewar a Janairun 1981. Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai a garin nan, yana kallon 'yan bumburutu na ciniki da jarka a bakin gidan man, ya san labarin ba sai an fassara masa ba.

Wani Bafaranshe, Frédéric Bastiat, ya rubuta a 1850 cewa kowace doka tana da abin da ake gani da wanda ba a gani. Abin da muke gani a tallafi shi ne lita ƙasa da naira 200 a farkon 2023. Wanda ba mu gani shi ne fiye da naira tiriliyan 4 da ya ci a 2022 kaɗai, kuɗin da ba su je asibiti ko aji ba. Kuma wa ya fi sha? Mai motoci huɗu da babban janareta ya fi mai tafiya a ƙasa amfana nesa ba kusa ba, ga wanda ake tsallakawa da shi Nijar da Binin da Kamaru. Ɗan libatariyan zai ce arahar nan ba kyauta ba ce, kai ka biya ta wata ƙofar. Jonathan ya gwada cirewa a Janairun 2012, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta sa aka dawo 97. Tinubu ya sanar da ƙarshensa ran 29 ga Mayu, 2023, cikin kwanaki lita ta haura naira 500 a Arewa.

To amma kar a ɗora musu abin da ba su ce ba. A lissafinsu cire tallafi rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne kuɗin su koma aljihun jama'a, ko ta rage haraji, ko ta hanyar nan ta Friedman ta ba talaka a hannu. Abin da ya faru shi ne kason da gwamnatoci ke rabawa duk wata ya ƙaru, wato kuɗin sun koma hannun da su 'yan libatariyan suka fi rashin yarda da shi. Sannan kasuwa sai da gasa take aiki. Da aka ba kamfanoni lasisin wayar salula a 2001, sun yi ta kokawa a kan kwastoma har layin da ake saye da dubbai ya zama kusan kyauta. Wutar lantarki fa? An sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013, amma kowanne da yankinsa, waya ɗaya ce ta shigo unguwarku. In sun kawo maka bil na ƙiyasi, wurin wa za ka koma? Gasar da na gani da idona ita ce ta masu sayar da sola, kuma sai mai hali ke shigarta.

Ranar da muka gabatar, wata 'yar ajinmu ta ɗaga hannu ta yi tambayar da nake tsoro. Ta ce mai janareta da mai sayar da mai sun yi cinikinsu da yarda, to maƙwabciyar da ke shaƙar hayaƙin, wa ya nemi yardarta? Masuncin Neja Dalta da ake ƙona iskar gas a kansa fa? Amsar 'yan libatariyan na asali ita ce huhunka dukiyarka ce, wanda ya ɓata maka ka kai shi kotu. Na faɗa, aji ya fashe da dariya, don kowa ya hango masunci da kamfanin mai a gaban alƙali. Sai na kawo Arthur Pigou, masanin Ingila da ya ce tun 1920 a sa wa mai gurɓata muhalli haraji daidai ɓarnarsa, na ƙara da cewa Friedman kansa ya amince da irin wannan harajin. Malam ya gyara tabarau ya ce, "Malam lauya, an aike ka kare masu ƙin haraji, ka dawo mana da sabon haraji." Maki 7 cikin 10 ya ba rukuninmu, har yau 'yan rukunin na cewa ni na zubar da ukun.