Darasi: Kukan Jariri a Madina da Jerin Sunayen Mabuƙata

Ibnu Sa'ad ya ruwaito a Ɗabaƙat cewa wani ayarin fatake ya sauka a Madina, sai Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kwana yana gadinsu tare da Abdurrahman ɗan Aufu. Cikin dare ya riƙa jin kukan wani jariri. Da ya matsa wa uwar da tambaya, ita kuwa ba ta gane shi ba, ta ce yaye take yi masa tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga Baitulmali sai an yaye shi. A sallar Asuba kuka ya rinjayi karatun Halifa. Yana sallamewa ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da kasonsa tun ranar haihuwa.

Mu lura, babu wanda ya ci amana a wannan ƙissa. Sharaɗi ne kawai aka gindaya da kyakkyawar niyya, yunwarsa ta faɗa kan wanda ba ya iya kai ƙara.

Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma kusan yara biyu cikin kowane uku abin ya shafa. A Oktoban 2023, bayan cire tallafin man fetur, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da biyan N25,000 a wata, har wata uku, ga magidanta miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da shirin saboda zargin almundahana. Bincike wajibi ne, ba mu musa ba, amma cikin yaro ba ya jiran rahoton kwamiti. Ga kuma abin da kowa ya sani a unguwanninmu: suna kan shiga jerin masu tallafi ta hannun ɗan siyasa, buhun shinkafa kuma kan yawaita, da hoto a jikinsa, idan zaɓe ya ƙarato.

Mu ma ba mu tsira ba. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙidaya mutum takwas, babu katin jam'iyya a ciki, babu sahun da uba yake bi a masallaci. Duk da haka mun tarar da jerin da aka tsallake gidan marayu domin mahaifinsu ba ɗan ƙungiyarmu ba ne. Muna roƙon kwamitocin masallatai, a rabon bana, su fara ƙirga yaran da ke kowane gida, har da na goye, kafin su tambayi sunan maigidan.