Rubutun Gotik: Daga Shafin Littafi Zuwa Kanun Jarida

Gabatarwa

Duk wanda ya dubi sunan jaridar The New York Times ko Le Monde zai ga wasu haruffa masu kauri da kusurwoyi da ƙawa. Wannan shi ne rubutun Gotik. A wannan ɗan nazari za a duba yadda rubutun da aka daɗe ana karanta littattafai da shi ya koma na ado kurum.

Asalinsa

Rubutun ya tsiro ne a Yammacin Turai cikin ƙarni na 12, lokacin da ake rubuta littattafai da hannu a kan fata. Da yake fata na da tsada, sai marubuta suka riƙa matse haruffa, suna jan su a tsaye da alƙalami mai faɗin baki, har shafi ya yi baƙi ƙirin saboda yawan tawada. Shi ya sa Ingilishi suka laƙaba masa sunan da ke nufin baƙin rubutu. Da samfurinsa mai suna Textura Gutenberg ya buga Baibul a Mainz wajen 1455.

Dalilin ja da bayansa

Matsin nan ya jawo cikas. Haruffa irin su i da m da n da u duk sanduna ne a jere masu kama da juna. A gwada kalmar "mummunan" da shi, za a ga ta zama tamkar shinge. Wannan ruɗani ne ya sa aka fara yi wa harafin i alama a ka, wadda ta zama ɗigon da muka sani. Masanan Italiya na ƙarni na 15 sun ƙyamace shi, suka koma ga haruffa masu sarari. Jamus kuwa ta riƙe samfurin Fraktur har 1941, shekarar da gwamnatin Nazi ta soke shi bisa ƙagen cewa wai haruffan Yahudawa ne.

Amfaninsa a yau

Abin da ya kore shi daga cikin littafi shi ne ya ba shi mazauni a kanu. Ido na iya jure kalma biyu ko uku, kuma siffarsa na nuna daɗewa da kwarjini, don haka ake ganinsa a sunayen jaridu da takardun shaidar digiri. Masu tsara ɗab'i na kiyaye ƙa'idoji biyu: ba a jera manyan baƙaƙensa zalla, domin ƙawarsu kan cuɗe, ba a kuma rubuta dogon sakin layi da shi.

Kammalawa

Ga Hausa akwai ƙarin matsala. An ƙera waɗannan haruffa ne domin harsunan Turai, saboda haka akasarinsu ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Mai son ƙawata bangon littafi da su sai ya fara tabbatar da cewa "ƙafa" ba za ta koma "kafa" ba.